Allon katako da ba ya wuce damina ɗaya: amsa ga ƙanenmu na Kumo

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka, ka ce ka yi wa wata Islamiyya allon suna da farin katako, ka rubuta shi tsaf ka shafa banish har hannu uku, amma damina ɗaya kawai ya fara ɓamɓarewa, hunturu na shigowa kuma ya tsage ya kantare, yanzu an ba ka aikin allon gona da benci biyu na tsakar gida kana so ka san wane banish ne ya fi ƙarfi a kasuwa.

Toh gaskiya ko banish ɗin da ake shafa wa jirgin ruwa ka samo, in dai irin wancan aikin za ka maimaita, haka zai sake yi maka. Duk allon da aka kawo min gyara nan Gombe in na juya shi, ba daga fuska yake fara mutuwa ba, daga kai ne, da gefe, da baya, da gindin ƙafa. Fuskar da kowa ke ɓata kuɗi a kanta ita ce ta ƙarshe wajen lalacewa. Don haka maganar banish sai can gaba, bari mu fara da abin da ke faruwa da katakon kansa.

Katako ko an sare shi an yanka shi bai daina shan ruwa da fitar da shi ba. A watan Agusta iska cike take da laima, busasshen katako zai sha har ruwan jikinsa ya kai wajen kashi 15 cikin 100, zuwa Janairu da Fabrairu lokacin da leɓe ke tsagewa sai ya sauko wajen kashi 5 ko 6. In ya sha ya kumbura, in ya bushe ya tsuke, kuma ta faɗi yake yi, ta tsawo kusan ba ya motsi. Falanki mai faɗin inci 12 zai iya motsa kusan kwata na inci tsakanin damina da hunturu. Su can kudu ba su da wannan tazarar sosai, shi ya sa wani abin da ka gani a YouTube ko kafintan Ibadan ya yi ya zauna lafiya, kai ka yi shi a Kumo ya watse. Yanzu ka duba, ka shafe fuska da banish ka bar baya tsirara, baya na sha yana fitarwa fuska ba ta yi, dole ya kantare ai. Sannan ka ɗaure shi da ƙusa gam a kan sandunan tu-bai-tu (masu inci biyu da biyu) ba inda zai motsa, da ya zo tsukewa bai samu hanya ba sai ya tsage. Ba wani sihiri a ciki.

Sai zaɓen katako. Farin nan da ka saya ko obeche ne ko afara, masu kyau ne a silin da cikin kujera da kayan ɗaki, suna da sauƙin aiki ga araha, amma a waje abincin gara ne da gunda, ruɓa kuma ba ta ɗaukar lokaci a kansu. In fuskar allo kake so ta zallan katako, ka nemi iroko ko kawo ko maɗaci. Kawo ni a wurina shi ne sarki, ba ya yawan motsi, gara ba ta son shi, matsalarsa tauri, ƙusa ba ta shiga sai ka huda, kuma zai cinye maka kaifin kayan aiki. Iroko na da maiƙo a jiki, kafin fenti sai ka goge shi da tsumma da tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, in ba haka ba fentin zai daɗe bai bushe ba, kuma ƙurarsa na sa tari da ƙaiƙayi, ka rufe hanci. Maɗaci bai kai su juriya ba amma ya fi su daɗin sassaƙa harafi kuma yana karɓar fenti da kyau. In kuɗin mai aiki bai kai nan ba, malaina da ta bushe sosai tana yin allo, ba ta da nauyi ba ta cika kantarewa ba, sai dai kar ta taɓa ƙasa. Darbejiya ma jan cikinta ba laifi.

Ka lura na ce jan ciki. Kowane itace yana da farin gefe kusa da ɓawo, wannan farin ko na kawo ne ƙwari na cin sa, to in ka shiga kasuwar katako ka ga falanki ja da farin layi a gefe, ka sa a ranka wannan layin zarto zai cire shi, ka yi ciniki a kan abin da zai rage. Maɗobiya kuwa, eh tana da kyau tana da juriya, amma an yi mata kisan kiyashi a Taraba da kewaye ana lodawa zuwa Chaina, har a 2016 aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido wajen fitarwa ƙasashen waje. Ni dai ba na sayen ta don allon bakin hanya, asara ce.

Babban abin da ke kayar da yara masu tasowa shi ne ɗanyen katako. Yawancin abin da tirela ke saukewa daga kudu jiƙe yake, ka ɗaga ka ji nauyi, ka taɓa ka ji sanyi, ka yanka garin zarto ya dunƙule a hannu maimakon ya watse. In ka rufe irin wannan da fenti ka kulle ruwa a ciki, ranar Maris ta buge shi sai ka ga fentin ya yi bororo. Ka saya da wuri, ka jera a inuwa ba a rana ba, ka ɗaga daga ƙasa a kan bulo, tsakanin kowane falanki da na samansa ka sa ƴan siraran itace a jere ɗaya bisa ɗaya don iska ta ratsa, ka ɗora nauyi a sama. Bakin yanka guda biyu ka shafe su da ragowar fenti tun ranar farko, don ta nan ruwa ke fita da gudu, shi ke sa kan falanki ya tsage. In ba ka da na'urar gwada danshi, ɗauki falanki ɗaya ka riƙa ɗora shi a sikeli duk mako kana rubuta nauyin a jikinsa da fensir, ranar da ya daina raguwa ya shirya. Mai kaurin inci ɗaya a hunturunmu ba ya wahala, mai inci biyu kam sai haƙuri.

Allon gona da ka ce, in babba ne kamar ƙafa 4 da 8, kar ka wahalar da kanka da haɗa falankai, ka yi da marin bod, wato filawud ɗin da aka liƙa da gam mai jure ruwa. Sai dai ka sani, yawancin abin da ake kira marin bod a kasuwanninmu wanda magina ke zuba kankaren bene (dakin) a kansa ne, mai baƙar fata ko ruwan ƙasa mai santsi, kuma ingancinsa kala-kala ne. Ga gwajin da nake yi: ka roƙi ɗan guntu kamar tafin hannu, ka jefa a tukunya ka tafasa shi awa ɗaya ko biyu, ka bar shi ya bushe a rana. In ɓawon ya fara buɗewa kamar littafi, gam ɗin ba na waje ba ne, ka bar musu kayansu. In ya zauna, saya. Fatar nan mai santsi fenti ba ya kama ta sai ka kashe ƙyallin da samfefa. MDF da HDF, allunan nan na garin katako da aka matse, da filawud na silin kuma ko kyauta aka ba ka kar ka kai su waje, raɓa ma ta ishe su.

In kuma dole sai falankai, gara ka haɗa ƙanana masu inci 5 ko 6 da ka sa guda ɗaya mai faɗi. Ka duba bakin yanka za ka ga layukan shekarun itacen sun yi baka, ɓangaren da ke kallon zuciyar itace shi za ka juyo gaba, saboda in zai kantare gefunan baya za su ja, su danne kan sandunan da ka ɗaure shi da su, ba su ɗago su ɓalle ba. Sandunan baya ka ɗaura da sukuru, na tsakiyar kowane falanki ka ɗaure tam, na gefe ka ɗan faɗaɗa ramin hagu da dama yadda katako zai samu wurin numfashi. In a rani kake haɗawa ka bar ƴar tazara tsakaninsu kamar kaurin kwali don damina za su kumbura, in a Agusta ne ka matse su don ba abin da ya rage sai tsukewa. Sukurun ya zama mai jure tsatsa, galbanaiz ko sitenles ko na tagulla, baƙar ƙusa tana tsatsa, kuma in ta haɗu da ruwan maɗaci ko iroko sai ta zubo da baƙin layi a fuskar allo har kan rubutu. Farin gam ɗin da muke kujera da shi ruwa na narkar da shi, in za ka liƙa abu na waje ka nemi efoksi, gam ɗin nan mai kwalba biyu da ake haɗawa, ko wanda aka rubuta D4 a jikinsa, kuma ko da shi ɗin kar ka dogara da gam kaɗai.

Yanzu abin da ya fi fenti muhimmanci kuma ba ya cin kuɗi: ka yi wa allon hula. Guntun kwano ko almuniyam, ka lanƙwasa shi a kan allon ya zarce gaba da baya kamar inci biyu, da ɗan gangare. Wallahi wannan guntun kwanon ya fi hannu uku na kowane fenti. Kan allo shi ne inda ruwa ke kwanciya, tsuntsu ya zauna ya yi kashi, rana ta tsakar rana ta dake shi. In marin bod ne, gefunan nan huɗu da ake ganin ɓawo-ɓawo ka cike su da efoksi ko ka shafa furaima, fentin farko da ke shiga jikin katako, har sai sun daina sha, sannan ka zagaye da firam. A firam ɗin ƙasa ka huda ramuka biyu uku don ruwan da ya shiga ya fita, mutane da yawa suna yin firam mai kyau ya zama kwatami, ruwa ya kwanta a ciki allon ya ruɓe daga ƙasa. Duk wata kusurwa mai kaifi ka kashe ta da samfefa ta zama da ɗan zagaye, fenti ba ya zama da kauri a kan kaifi, daga nan yake fara tsagewa. In a bango za a kafa, ka bar inci ɗaya tsakaninsa da bango.

Ka kuma duba ina zai kalla. A nan hadari daga gabas yake tasowa, kowa ya san bangon gabas shi ke fara zaizayewa a gidan ƙasa, to allon da ke kallon gabas ruwa zai riƙa dukan fuskarsa, wanda ke kallon yamma kuma ranar la'asar ce za ta gasa shi. In kana da zaɓi ka sa shi ya kalli kudu ko arewa, in hanya ce ta tilasta maka shikenan, sai ka ƙara faɗin hula.

Toh ga maganar banish ɗinka. Banish garai yake, hasken rana na ratsa shi ya ƙona saman katakon da ke ƙarƙashi, saman ya zama gari, banish ɗin ya rasa abin riƙewa ya ɓare. Abin da ke tare rana shi ne launin da ke cikin fenti. Shi ya sa fenti mai mai na gwangwani, gulos ɗin nan da ake wa ƙofa, ya fi banish mai tsada daɗewa a waje nesa ba kusa ba. Sila da laka (lacquer), ruwan ƙyallin da ake fesa wa gado da wadirob kuma na ɗaki ne, kar su je ko kusa.

Yadda nake yi: samfefa mai lamba 80, sannan 120, in tsaya nan, in ya yi santsi da yawa fenti ba ya samun wurin kamawa. In kaɗe ƙura. Furaima na katako hannun farko in ɗan tsinka shi don ya shige ciki, kuma ko'ina nake shafawa, gaba, baya, gefe huɗu, har cikin ramin sukuru, kafin a haɗa ba bayan an haɗa ba. Bakin yanka sai ya sha sau biyu ko uku. Sannan andakot, fentin da ke shiga ƙarƙashin gulos, sannan gulos hannu biyu, kowane hannu siriri, a bar shi kwana ɗaya, a ɗan goga samfefa mai laushi kafin na gaba. Adadin da fuska ta samu shi baya zai samu, ko da ragowar kala ce da ba ta dace ba, ba mai gani. Kar ka yi fenti a cikin rana, sama zai bushe ciki na ɗanye ya yamutse. A hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, ka shiga ɗaki ka yayyafa ruwa a ƙasa ka yi da sassafe kafin iska ta tashi, amma ka bar taga a buɗe ta ɓangaren da iska ba ta shigowa saboda warin.

Kala ma da magana. Fari da ruwan madara a ƙasa, rubutu baƙi ko kore mai duhu ko shuɗi, wannan shi ke daɗewa. Ja mai haske da ruwan hoda su ne ke fara koɗewa, za ka ga allon makaranta an rubuta suna da ja, bayan shekara biyu sunan ya ɓace an bar adireshi. In dole sai ja, ka nemi mai duhu irin na jar ƙasa. Allon da aka yi wa baƙin fenti gaba ɗaya yana da kyau a hoto amma zafi yake sha ya gasa katakon. Fentin mota mai hadina (ruwan da ke sa shi tauri) da wasu ke fesawa yana jure rana sosai, a kan ƙarfe ko marin bod ba laifi, a kan zallan katako kuwa ya yi tauri da yawa, katako na motsawa zai tsattsage, ga shi fesa shi ba abin rufe hanci na kirki cuta ce ga huhu.

Rubutu in kana da hannu ka sassaƙa shi, ko da kurfi ko da rawta, injin sassaƙa katako, ramin ya zama mai gangare ba mai kwance ba don kar ruwa ya zauna, ka cika da fenti. Ko fenti ya koɗe ana karantawa, kuma ranar sabuntawa ko yaron shago zai iya bi. Sitika tana yi a kan gulos da ya bushe sosai amma mai araha rana na naɗe ta. Kuma kar ka ɗora banish a kan fenti wai don ƙyalli, zai yi rawaya ya ɓare ya tafi da rubutun. In mai aiki ya nace shi jikin katako yake son gani, kamar allon suna na ƙofar gida ko na wurin cin abinci, sai ka sa kala mai shiga jikin katako tukun, ka bi da banish na waje hannu biyar ko shida, a kafa shi ƙarƙashin rumfa, ka gaya masa tun kafin ya biya cewa duk shekara sai an ƙara hannu ɗaya.

Ƙafafu. Ni shawarata ga allon gona, ka je wurin mai walda ya yi maka ƙafa ta fayif ko angul ayon, ka ɗaura allon da bol da noti da wosha. Gara ba ta cin ƙarfe, magana ta ƙare. In kuma sai itace, ƙirya ce, wadda ake turmi da taɓarya da ita, ko azarar giginya, duk da ƙirya yanzu masu gawayi sun sa ta yi wuya. Ɓangaren da zai shiga ƙasa ka babbake shi sama-sama, ka jiƙa shi da Solignum, maganin gara da ruɓa na katako, ko kwalta har ya haura saman ƙasa da taƙi ɗaya, don daidai wuyan nan inda ƙasa da iska suka haɗu nan yake ruɓewa. Baƙin mai da kowa ke shafawa yana ɗan taimakawa na wani lokaci, amma ruwa na wanke shi cikin ƙasar gona, kuma duk inda ya taɓa fenti ba zai ƙara kamawa ba. Kashi ɗaya cikin uku na tsawon ƙafar ya shiga rami. Ka zuba tsakuwa a ƙasan ramin ƙafar ta zauna a kai, in za ka sa kankare ya zagaye ta ne kawai kar ya rufe ƙasanta ya riƙe ruwa, samansa kuma ka yi masa gangare. Kar ka raina iska, allo mai ƙafa 4 da 8 in guguwar farkon damina ta kai gudun kilomita 100 a awa, ƙarfin da ke tura shi ya haura nauyin buhun siminti uku, to ka sa masa tokara ta baya. In gonar irin baƙar lakar wajajen Deba ce mai tsagewa da rani ta kumbura da damina, ka ƙara zurfi, in ba haka ba shekara ɗaya za ka tarar ya karkace.

Bencin tsakar gida duk dokar ɗaya ce. Wurin zama ka yi shi da sirara da tazara tsakani ruwa ya zube, ka ɗaura sukuru ta ƙasa kar kansa ya zama ramin ruwa a sama. Ƙasan ƙafa bakin yanka ne, yana zuƙar ruwa daga siminti, ka shafe shi da efoksi ka buga masa guntun taya. Tukunyar shuka furanni ta katako ka sa bokitin roba a ciki, ƙasa kar ta taɓa katakon. Amma duk abin da abinci ko baki zai taɓa, komin dabbobi, amyar zuma, akushi, abin wasan yara, ba Solignum ba baƙin mai, cikinsa a bar shi haka. Man gyaɗa da wasu ke shafa wa sassaƙa don ta yi ƙyalli ba ya bushewa, ƙura yake tarawa ya kira tururuwa. Man linsid shi ke bushewa, sai dai tsumman da ka shafa shi da shi kar ka dunƙule ka jefa cikin garin katako, yana iya kama wuta da kansa, ka shanya shi a fili ko ka jefa a ruwa.

Duk shekara wajen Afrilu kafin ruwan farko, a wanke allon da ruwa da sabulu, a duba kai da gefe da wuyan ƙafa, inda fenti ya tsage a goge a taɓa, in an ga hanyar gara ta hau a karya a zuba magani. Ka sa wannan cikin ciniki tun farko, aikin awa ɗaya ne kuma zai riƙa dawo maka da kwastoma.

Na Islamiyyar kuma, ka je ka soka masa tsinin sukundireba a gefen ƙasa da bayansa. In ya shige kamar burodi, kar ka ɓata fenti, ka cire ka yi sabo da marin bod, tsohon ka riƙa gwada harafi a kai. In da tauri, kwance shi daga sandunan, kankare banish ɗin kaf har ka ga farin katako, ka bar shi a inuwa da nauyi a kai ya miƙe, tsagar ka cike da efoksi da aka kwaɓa da garin zarto, sannan ka bi matakan fentin nan gaba da baya ka sa masa hula. Tunda farin katako ne ba zai kai kawo ba, amma zai ƙara wasu shekaru kafin malaman su tara kuɗin sabo.